Kundin aikin gutsuttsura DNA: gwajin hanyoyi a kan ƙwayoyin cuta uku

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Aikin ya soma a yau da zaɓen samfurori. Abin da muke son tantancewa shi ne hanyar da ta fi dacewa mu riƙa bi wajen gutsuttsura DNA kafin a shigar da shi na'urar karanta jerin haruffansa (A da C da G da T), domin na'urar Illumina da za mu yi aiki da ita ba ta karanta dogon zare, sai gajerun gutsattsari masu 'yan ɗaruruwan haruffa, daga baya kwamfuta ta jera su a kan juna ta fitar da cikakken tsari. Duk wurin da ya salwanta a lokacin gutsuttsurawa, ko ya yawaita fiye da kima, haka zai bi samfurin har cikin sakamako, kuma babu lissafin da zai dawo da wurin da ba a taɓa karantawa ba.

Ƙwayoyin cuta uku muka ɗauka, dukkansu sanannu a asibitocin arewa, amma abin da ya sa muka haɗa su shi ne nisan da ke tsakanin ginin DNA ɗinsu. Plasmodium falciparum, mai kawo zazzaɓin cizon sauro, yana da haruffa kimanin miliyan 23 a kuromosom 14, kuma G da C kashi 19 cikin ɗari ne kawai, saura duk A da T. Vibrio cholerae, mai kawo kwalara, yana da haruffa kimanin miliyan 4 a kuromosom biyu, G da C kashi 47. Mycobacterium tuberculosis, mai kawo tarin fuka, yana da miliyan 4.4, G da C sun haura kashi 65. Nau'o'in da duniya ke aunawa da su muka nema, wato 3D7 da N16961 da H37Rv, waɗanda aka wallafa cikakken jerinsu a 2002 da 2000 da 1998, saboda amsar tana hannu tun kafin a fara, duk gibin da ya bayyana kuwa daga aikinmu ya fito. DNA na tarin fuka an aiko mana da shi a tace, bayan an kashe ƙwayar a wani ɗakin gwaji mai cikakken tsaro.

Laraba, 22 ga Janairu

Kwanakin nan sun tafi a kan awo. Na'urar da ke auna DNA da hasken ultrabayolet tana haɗawa da RNA da ɓarɓashin haruffa ta lissafa su tare, ita kuwa wadda ke aiki da rini mai ƙyalli ba ta ganin komai sai DNA mai zare biyu. A samfurin kwalara awon biyu sun yi hannun riga, sai da aka zuba enzayim mai cinye RNA suka kusanci juna. Daga yanzu awon rini ne abin dogaronmu.

A kan jel, inda wutar lantarki ke raba DNA bisa tsawonsa, na zazzaɓi da na kwalara sun tsaya cak kusa da ramin da aka zuba su, alamar zaren yana da tsawo. Na tarin fuka kuwa ya ja jela zuwa ƙasa. Ba abin mamaki ba ne, domin bangon wannan ƙwaya mai kauri ne mai maiƙo, ba ya fashewa sai da zafi da duka, saboda haka DNA ɗinta yakan iso a ɗan kakkarye. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce lokacin da zai dace da sauran biyun zai iya yi masa yawa.

Mun kuma raba kowane samfuri gida biyu saboda sinadarin EDTA. Ruwan ajiyar DNA da aka saba da shi yana ɗauke da wannan sinadari, wanda ke kame magniziyom don kada enzayim masu ɓarna su sami abin aiki. To, enzayim ɗin da za mu saya don su yanka mana DNA su ma magniziyom ɗin suke buƙata. Rabi ya zauna a ruwansa don hanyoyin inji, rabi aka wanke aka mayar da shi ruwan Tris zalla don hanyoyin enzayim.

Talata, 4 ga Fabrairu

Wata ɗalibarmu ta tambaya a taron yau dalilin da ya sa ba za mu yi amfani da enzayim masu yanka a ƙayyadadden wuri ba, tunda ga su a firiza kuma ba su da tsada. Tambayar ta cancanci amsa a rubuce. Waɗannan enzayim, da suka sa Werner Arber da Daniel Nathans da Hamilton Smith suka sami kyautar Nobel a 1978, sun yi wa fagen nan aiki mai yawa: da PvuII aka daidaita hanyar bambance nau'o'in tarin fuka a 1993, da NotI kuma aka daɗe ana bin sawun ɓarkewar kwalara. Matsalarsu ga aikinmu lissafi ne. Enzayim mai gane haruffa huɗu zai yanka sau ɗaya a kowane haruffa 256 idan haruffan huɗu daidai suke da juna a yawa, amma samfuranmu ba haka suke ba. MseI, mai neman TTAA, zai yanka DNA na zazzaɓi a kusan kowane haruffa 38, na tarin fuka kuwa sai bayan fiye da 1,100. MspI, mai neman CCGG, akasin haka zai yi: kusan kowane 86 a na tarin fuka, fiye da 11,000 a na zazzaɓi.

Ko da tsawon ya dace, akwai abin da ya fi wannan nauyi. Irin wannan enzayim yana yanka kowane kwafi a wuri guda, saboda haka gutsattsarin ba sa hawa kan juna, kwamfuta kuma ba ta da inda za ta kama ta haɗa na gaba da na baya. Yanka na kan mai uwa da wabi muke nema. Mun ajiye su gefe.

Litinin, 17 ga Fabrairu

An fara da na'urar girgiza ruwa da sauti, wadda wani sashe ya ara mana. Hanyar ba sabuwa ba ce, tun 1983 Prescott Deininger ya bayyana amfani da ita wajen shirya DNA don karatu. Sauti mai kaifin da kunne ba ya ji yana haifar da ƙananan kumfa a cikin ruwa, kumfan su kumbura su fashe da ƙarfi, ƙarfin nan ya tsinka zaren. Ana jera 'yan bututun a wani faifai mai juyawa a cikin ruwa mai sanyin digiri 4, na'urar ta yi daƙiƙa 30 tana aiki, ta huta, ta sake.

Mun riƙa ɗibar kaɗan bayan kowane 'yan zagaye muna zubawa a jel, kuma hoton da ya fito ya koyar da ɗalibai fiye da duk bayanin da aka yi musu. Daga rami zuwa rami, hasken DNA yana saukowa ƙasa yana tattaruwa, har ya kai inda ƙarin zagaye ba ya rage tsawon sosai, domin gajeren zare ya fi wuyar tsinkewa. A wani rami guda an ga siririn layi ya maƙale can sama, alhali sauran DNA ɗin ya sauka. Ɗigo ne da ya fantsama jikin murfin bututun, sautin bai same shi ba. Tun daga nan kowane bututu sai an juya shi a santirifuj na 'yan daƙiƙu a tsakiyar aiki.

Tsawon da muke nema haruffa 350 ne. Na'urar za ta karanta 150 daga kowane gefe, saboda haka gutsuren da bai kai 300 ba za a karanta tsakiyarsa sau biyu a banza, wanda bai kai 150 ba kuwa karatun zai zarce cikin adafta, wato ɗan guntun DNA da aka liƙa masa a baki don na'urar ta kama shi.

Abin da na fi sa wa ido shi ne zafi. A da T igiyoyin haidirojin biyu ke riƙe su, G da C uku, don haka gutsuren da A da T suka cika shi ne ke fara warwarewa idan ruwa ya ɗumama, wanda ya warware kuma adafta ba ta kama shi. Masu bincike a Cibiyar Sanger ta Ingila sun nuna a 2008 cewa narkar da jel a digiri 50 kaɗai ya isa ya rage irin waɗannan gutsattsari. Na'urar sanyaya ruwan ta fi ƙarfin inbatarmu, saboda haka wannan aiki ba ya yiwuwa sai lokacin da janareta ke kunne, da safe kafin sauran sassa su ɗora masa nasu nauyin.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Idan gutsuttsurawa niƙa ne, matakin wannan makon tankaɗe ne da rariya biyu. Ana zuba ƙananan ƙwayoyin maganaɗisu da ke cikin ruwa mai kauri da gishiri, kuma yawan ruwan da aka zuba shi ke ƙayyade tsawon DNA da zai manne musu. Zubi na farko, kimanin kashi 60 cikin ɗari na yawan samfurin, yana kwashe manyan gutsattsari a zubar, ƙari zuwa kimanin kashi 80 yana kama waɗanda ake so ya bar ƙananan a ruwa.

Takardar umarni ta ce a bar ƙwayoyin su sha iska na 'yan mintuna bayan wanki da barasar gwaji. An rubuta ta ne a inda iska ke da laima. A busasshiyar iskar hunturun nan, kafin lokacin ya cika curin ƙwayoyin ya tashi daga baƙi mai sheƙi ya koma ja-ja mai tsattsagewa, idan ya kai haka kuwa DNA ba ya sakinsu da sauƙi. Mun daina duba agogo, muna duba curin: da zarar sheƙin ya dushe, sai a zuba ruwan kwancewa.

Laraba, 12 ga Maris

Kayan enzayim sun iso daga dillali da ƙanƙararsu a narke, kwalin da ɗumi. An mayar, ana jiran wasu. Da yake azumi ne an rage lokacin aiki, sai muka yi amfani da damar muka kammala gyaran bakin gutsattsarin da sauti ya tsinka. Tsinkewar inji takan bar baki a yage, wani zaren ya fi wani tsawo, saboda haka sai an daidaita shi da enzayim, a ƙara harafin A guda a ƙarshe, kafin adafta ta zauna.

Talata, 8 ga Afrilu

Sababbin kayan sun iso da sanyinsu bayan Sallah. Hanyoyin enzayim biyu muke gwadawa.

Ta farko ta samo asali daga aikin Stephen Anderson na 1981 a Kambirij, wanda ya yi amfani da DNase I tare da manganis don ta datse zaren biyu kusan a wuri guda. Kayan zamani cakuda ne na enzayim da ke yanka ba tare da zaɓen wuri ba, a digiri 37, kuma tsawon lokaci ne ke ƙayyade tsawon gutsure. Ba ta buƙatar wata na'ura ban da ta PCR, wato wadda ake ninka DNA da ita, ana kuma iya yin samfurori da yawa a tashi ɗaya. Sai dai watan Afrilu ya shigo da nasa sharaɗin. Umarnin ya ɗauka cewa zafin ɗaki digiri 20 ne zuwa 25, mu kuwa idan wuta ta ɗauke da rana, zafin ɗakinmu yakan kusanci zafin da enzayim ɗin ke aiki a cikinsa. Bututun da aka fara zuba wa enzayim ya soma yanka tun kafin a kai ga na ƙarshe, kuma jel ya nuna hakan ƙarara, gutsattsarin suna ƙara tsawo daga hagu zuwa dama. Yanzu ana haɗa komai a kan ƙanƙara, a zuba da fifet mai baki takwas, a saka cikin na'urar da aka riga aka saukar da ita digiri 4. Don tabbatar da batun EDTA, mun sa wani kaso da ba a wanke ba da gangan, ya kuma fito da rabinsa bai yanku ba.

Ta biyu ita ce ta Tn5, enzayim da asalin aikinsa a jikin bakteriya shi ne ɗaukar guntun DNA daga wani wuri ya dasa a wani. Igor Goryshin da William Reznikoff na Jami'ar Wiskonsin sun nuna a 1998 cewa wani nau'insa mai ƙarfi yana aiki a cikin bututu, a 2010 kuma ɗakin gwajin Jay Shendure da ke Siyatil ya wallafa yadda ake shirya samfurin karatu da shi. Yanka da liƙa adafta a mataki ɗaya yake yi, cikin minti biyar a digiri 55, da nanogiram ɗaya tak na DNA. Ɗalibai sun so ta nan take, kuma ban ga laifinsu ba, domin aikin yini guda ya koma na sa'o'i kaɗan. Abubuwa biyu ne suka hana ni saurin yabonta. A nan ba lokaci ne ke ƙayyade tsawo ba, yawan enzayim ne a kan yawan DNA, don haka ƙaramin kuskure a awo yana sauya tsawon gaba ɗaya. Sannan da DNA kaɗan irin wannan babu makawa sai an ninka shi da PCR zagaye 12.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Kason da muka aika wani ɗakin gwaji a kudu mai na'urar Covaris ya dawo. Wannan na'ura tana tattara sauti mai ɗaruruwan kilohaz a kan ɗigo ɗaya a cikin rufaffen bututun gilashi, kuma gutsattsarin da ta bayar sun fi na kowace hanya tattaruwa kusa da tsawon da aka nema, wanda ke nufin ƙarancin asara a wurin tankaɗe.

Mun roƙi a yi aikin a ruwa mai EDTA kuma kada a sauka ƙasa da 350, saboda binciken da Cibiyar Broad ta Amurka ta wallafa a 2013. Sun gano cewa tsinka DNA da sauti mai ƙarfi, musamman idan samfurin na ɗauke da gurɓatattun sinadarai, yana lalata wasu haruffan G ta yadda na'ura za ta karanta su a matsayin T a cikin ɗan ƙaramin kaso na karatun. Ga mai neman cikakken jeri kawai wannan ba damuwa ba ce. Ga mai neman ƙwayoyin tarin fuka ƙalilan da suka soma bijire wa magani a cikin mafi rinjaye masu jin magani, babbar damuwa ce, domin ɗaya daga cikin canje-canjen da ke da alaƙa da bijire wa maganin rifamfisin, D435Y a cikin sashen DNA mai suna rpoB, GAC ne ke komawa TAC. Sinadarin da ke hana enzayim aiki, wato EDTA, shi ne ke kare DNA a ƙarƙashin sauti, saboda haka tun a ranar tace DNA ya kamata a san hanyar da za a bi.

Litinin, 19 ga Mayu

Sakamakon karatun farko ya fito, kuma mun shafe kwanaki muna duba zurfin karatu, wato sau nawa aka karanta kowane wuri.

A kwalara babu abin faɗa. Hanyoyin huɗu sun ba da layi kusan a miƙe daga farkon kuromosom zuwa ƙarshe, kuma da da wannan ƙwaya kaɗai muka yi gwajin, da mun ce duk ɗaya ne mu zaɓi mai araha.

A zazzaɓi ne suka rabu. A cikin sassan da ke ɗauke da umarnin gina furotin, inda G da C ke da ɗan yawa, kowace hanya ta yi abin kirki. A tsakankaninsu kuwa, inda A da T ke kaiwa kashi 90, layin Tn5 ya riƙa faɗawa rami, wasu wuraren har ƙasa. Samfurin sauti da aka shirya ba tare da PCR ba shi ya fi daidaito, na cakudar enzayim yana biye da shi kusa da kusa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga aikin da ke gabanmu. Gwajin gaggawa na zazzaɓi da ake yi a yawancin asibitocinmu yana neman furotin HRP2 ne, kuma tun 2010 aka ruwaito daga Peru cewa wasu ƙwayoyin sun yar da sashen DNA da ke yin sa, har Eritiriya ta sauya irin gwajin da take amfani da shi a 2016. Sashen yana kusa da ƙarshen kuromosom na 8, hanyar gane ɓacewarsa a karatu kuwa ita ce a ga zurfi ya faɗi a wurin. Ramin da shirin samfuri ya haƙa da ramin da ƙwayar ta haƙa da kanta kamarsu ɗaya a allon kwamfuta.

A tarin fuka ramukan sun koma ɗaya gefen, wato iyalan sassan DNA da ake kira PE da PPE, waɗanda ke cin kusan kashi 10 na jerin, wasunsu G da C sun kusa kashi 80 kuma suna maimaita kansu. Duk samfurin da ya bi ta PCR ya yi rauni a nan.

A ganina bai dace a ɗora wa Tn5 duk laifin ba tukuna. An san yana da ɗan son wasu jerin haruffa, amma aikin Cibiyar Sanger na 2009 a kan wannan ƙwaya ta zazzaɓi da na Cibiyar Broad na 2011 duk sun nuna cewa PCR ce babbar mai karkatar da zurfi, kuma a gwajinmu hanyar da ta fi rauni ita ce ta fi yawan zagaye. Abubuwa biyu ne suka sauya tare, dole a raba su.

Laraba, 11 ga Yuni

An dawo daga hutun babbar Sallah, an tsara zagaye na biyu. Kowace hanya za ta fara da DNA daidai da na 'yar'uwarta, ta bi ta PCR da enzayim iri ɗaya da zagaye iri ɗaya. Mun ƙara nau'in Tn5 da aka ɗaure a jikin ƙwayoyin maganaɗisu, wanda ke karɓar nanogiram 100 zuwa 500 ba tare da tsawon gutsure ya sauya sosai ba, don haka yana buƙatar zagaye kaɗan.

An kuma fara gwajin dogayen gutsattsari don na'urar MinION ta Oxford Nanopore, domin sassan PE da PPE da kuma sassan da ake kira var kimanin 60 na ƙwayar zazzaɓi sun yi kama da juna ainun, gutsure mai haruffa 350 ba ya nuna daga wanne ya fito. A nan ƙoƙarin shi ne a hana DNA tsinkewa fiye da kima: ana ɗibarsa da fifet mai faɗin baki, ba a girgiza shi, sannan a bi da shi a hankali ta allurar sirinji mai lamba 26, ko ta bututun g-TUBE da ke tura shi ta wata 'yar ƙofa a santirifuj ya ba da haruffa dubu 6 zuwa dubu 20. Na tarin fuka da ke hannunmu ya riga ya kakkarye fiye da yadda wannan aiki ke so, an nemi a sake tace mana wani ta hanya mai taushi.

Damina ta kankama, kuma da zarar izinin kwamitin ɗa'a ya fito za mu fara karɓar jinin marasa lafiya. Farar ƙwayar jini guda ɗaya tana ɗauke da DNA da ya ninka na ƙwayar zazzaɓi fiye da sau 250, saboda haka kafin a yi maganar gutsuttsurawa sai an rage na ɗan Adam. Za mu gwada tace jinin tun yana ɗanye, mu kuma gwada MspJI, enzayim da ke yanka DNA mai alamar metil, wadda ta yawaita a na mutum ta yi ƙaranci a na ƙwayar. An yi odarsa a yau, tare da sharaɗin cewa ba za a karɓi kwalin ba sai an buɗe shi a gabanmu an ga ƙanƙararsa.